Idan Jirgi Ya Tashi Ya Bar Maniyyaci: Me Inshorar Tafiya Ke Biya, Me Ta Toge?



Duk lokacin da watan Ramalana ya ƙarato, ko aka sake buɗe ƙofar Umara bayan kammala aikin Hajji, filayen jiragen samanmu na Kano da Abuja da Legas kan cika da maniyyata. Haka abin yake a farkon zangon karatu, sa'ad da ɗalibanmu ke komawa Madina da Alƙahira da Maleshiya da Turkiyya. A cikin takardun da waɗannan matafiya ke riƙe da su akwai guda ɗaya wadda da wuya a samu mai karanta ta, wato takardar inshorar tafiya. Ejan ne ke haɗa ta da biza da tikiti, ya ce mana komai na ciki, mu kuma mu karɓa mu cusa a jaka. Ba ma tunawa da ita sai ranar da aka samu matsala, kuma a ranar ce yawancinmu ke fara jin cewa akwai abubuwan da ta toge.

Mu ƙaddara wani magidanci ne ya shekara uku yana tari domin ya kai mahaifiyarsa Umara. Suka taso daga Haɗeja da asuba a motar haya, motar ta lalace a hanya, ba su iso filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba sai da aka rufe tantance fasinja, wanda a tafiyar ƙasashen waje akan rufe shi kimanin awa guda kafin tashi. Jirgi ya ɗaga suna kallo. Masaukin da aka biya a Makka yana ta cin kwanakinsa. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, a ƙa'idar yawancin kamfanonin jirage, fasinjan da bai hau zangon farko ba akan soke masa sauran zangunan tikitinsa, har da na dawowa. Wa zai ɗauki wannan asara? Amsar tana cikin takardun da ke jakarsa, kuma ya kamata a ce ya san ta tun kafin ya bar gida.

Takardu uku, alhaki uku

Farkon ruɗani yana zuwa ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne tikiti, wanda yarjejeniya ce tsakanin fasinja da kamfanin jirgi. Idan kamfanin ne ya jinkirta tashi ko ya soke shi, alhaki na wuyansa. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya duk suna cikinta, ta ɗora wa kamfani biyan asarar da jinkirinsa ya jawo har zuwa wani adadi da aka iyakance, sai fa idan ya tabbatar da cewa ya yi duk abin da ya kamata domin kauce wa jinkirin. A cikin gida kuma, Sashe na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ya fayyace haƙƙin fasinja na abinci da masauki da mayar masa da kuɗinsa gwargwadon tsawon jinkiri. Idan kuwa fasinja ne ya makara, kamfanin ba ya ɗauke da nauyin komai face abin da ƙa'idar tikitin ta ambata.

Na biyu ita ce inshorar da ke manne da biza. Tun daga 2020 hukumomin Saudiyya suka wajabta inshora ga masu zuwa Umara daga ƙasashen waje, ana karɓar kuɗinta tare da na biza. An tsara ta ne domin abin da zai samu baƙon Allah bayan ya shiga ƙasar, musamman jinyar gaggawa da haɗari da rasuwa. Saboda haka wanda jirgi ya bari a Kano kada ya sa rai da ita. Irin wannan ne ga ɗalibi ko ɗan kasuwa mai neman bizar ƙasashen Turai na Shengen: abin da aka wajabta masa shi ne inshorar jinya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma takarda mai araha da aka saya domin cika wannan sharaɗi kaɗai tana iya zama babu maganar rasa jirgi a cikinta ko kaɗan.

Na uku ita ce inshorar tafiya da mutum ke saye da ganin damarsa. A cikinta ne ake samun babin rasa jirgi, idan akwai shi, kuma a kanta ne wannan sharhi ya ginu.

Abin da take biya, da shaidar da take nema

Babin rasa jirgi ƙunci gare shi. A mafi yawan takardu, kamfanin inshora yana ɗaukar nauyin ƙarin kuɗin sufuri da na masauki da matafiyi ya kashe domin ya isa inda ya nufa, zuwa wani adadi da aka rubuta, idan dalilin makararsa na cikin wasu 'yan dalilai da aka lissafa: abin hawan jama'a mai jadawali, kamar jirgin ƙasa ko jirgin sama na cikin gida, ya gaza isowa a kan lokaci, motar da yake ciki ta lalace ko ta yi haɗari, wani haɗari ko mummunan yanayi ya toshe hanya. Sau da yawa kuma akwai wani kaso na farko na asarar da aka bar wa matafiyi ya ɗauka da kansa, sai abin da ya haura shi kamfani zai biya.

Kowane ɗaya daga cikin dalilan nan yana buƙatar shaida a rubuce: wasiƙar kamfanin jirgi mai bayyana tsawon jinkiri da sababinsa, rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, takardar makanikin da ya gyara mota, rasiɗin sabon tikiti da na masauki. Akwai kuma wa'adin sanar da kamfani, wanda idan ya wuce haƙƙi na iya faɗuwa. Magidancinmu na Haɗeja yana da uzuri na gaskiya, amma direban da ya ɗauko shi daga tasha bai ba shi rasiɗi ba, makanikin bakin hanya kuma ba shi da takarda mai hatimi. Ga uzuri, babu shaida, kuma a wurin mai biyan diyya wannan daidai yake da babu uzurin.

Abubuwan da aka toge

Togaciya ta farko ita ce sakaci. Wanda barci ya ɗauke, wanda ya manta fasfo a gida, wanda ya karanta ƙarfe 1:00 na dare a matsayin na rana, wanda ya tsaya sallama da 'yan rakiya har aka rufe ƙofa, duk ba su da komai. Haka wanda bai ba kansa isasshen lokaci ba. Cunkoson ababen hawa da kowa ya san da shi, da shingayen bincike da aka saba da su a manyan hanyoyinmu, da dogon layin shige da fice, ana ɗaukar su abubuwan da mai hankali zai yi lissafinsu tun kafin ya fito.

Ta biyu ita ce matsalar takardu. Fasfon da wa'adinsa ya rage ƙasa da wata shida, bizar da ba ta fito a kan lokaci ba, sunan da ya saɓa tsakanin tikiti da fasfo, ko hana mutum shiga ƙasa bayan ya sauka, ba safai inshora ke biyansu ba. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Nuwamban 2023 ba, lokacin da wani jirgi ɗauke da fasinja 264 daga Legas da Kano ya sauka Jidda, hukumomi suka soke bizar fasinjojin, daga bisani aka dawo da 177 daga cikinsu. Hukuncin da wata gwamnati ta zartar a bakin iyakarta yana cikin abubuwan da aka saba togewa. Wannan babin yana da nauyi a tafiyar dawowa ma. A 2025 Saudiyya ta sanya ranar 29 ga Afrilu, daidai da 1 ga Zulƙida 1446, a matsayin ranar ƙarshe ta ficewar masu Umara. Wanda ya rasa jirginsa a irin wannan gaɓa har ya zarce wa'adi, tarar da za ta hau kansa tasa ce shi kaɗai.

Ta uku ita ce abin da aka riga aka sani. Inshora tana ɗaukar abin da ba a zata ba ne. Ranar Litinin 3 ga Yunin 2024, ana tsakiyar jigilar alhazai, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, aka rufe hanyoyin shiga filayen jiragen sama na Legas da Abuja. An sanar da yajin tun ranar Juma'a 31 ga Mayu. Bisa ƙa'idar da aka saba, wanda ya sayi inshorarsa kafin sanarwar yana da abin faɗa idan takardarsa ta haɗa da yajin aiki, wanda kuwa ya saya bayanta ya sayi laima ne bayan ruwa ya sauko. A nan ya kamata mutanen Arewa su tambayi matsayin hazo, wanda kowace shekara tsakanin Disamba da Fabrairu yake hana jirage sauka da tashi a Kano da Maiduguri da Sakkwato: shin takardar tana ɗaukarsa mummunan yanayi, kuma bayan jinkirin awa nawa take fara biya?

Ta huɗu ita ce yaƙi da tarzoma. Da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ɗalibanmu suka maƙale a Khartum, jiragen alhazan wannan shekara kuma suka riƙa zagaye mai nisa. Ranar 23 ga Yunin 2025 Ƙatar ta rufe nata sararin samaniyar na wasu awoyi lokacin da Iran ta harba makamai kan sansanin sojin Amurka da ke Al-Udaid, matafiyan da ke yada zango a Doha suka tsinci kansu cikin jira da sauye-sauye. Kusan kowace takardar inshorar tafiya tana da sakin layin da ya toge yaƙi. Ma'ana, a ranar da asara ta fi girma, a ranar ce takardar ta fi ƙarancin amfani.

Ta biyar, wadda ta fi kama masu neman sauƙi, ita ce raba tikiti. Mutum kan sayi tikitin Kano zuwa Legas ko Abuja daga wani kamfani, sannan ya sayi na ƙasar waje daga wani dabam, ya bar awa biyu kacal a tsakani. Idan zangunan duka a tikiti ɗaya suke, jinkirin na farko nauyin kamfani ne, shi zai nema wa fasinja wani jirgin. Idan a rabe suke, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Wasu takardun inshora ba sa ɗaukar wannan sam, wasu kuma sai an bar tazarar awoyi da suka ambata. Rarar da aka samu wajen saye tana iya komawa kuɗin sabon tikiti ɗungurungum.

Mahangar Shari'a

Kafin maganar togaciya, akwai hukuncin inshorar kanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disamban 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai ƙayyadajjen kuɗin shiga tana ƙunshe da garari mai yawa wanda ke ɓata ƙulla yarjejeniya, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya da aka gina kan kyauta a matsayin madadi. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta riga ta halatta irin wannan ta taimakekeniya tun 1977. Akwai malaman da suka saɓa, fitacce a cikinsu shi ne Shaihu Mustafa Az-Zarƙa, wanda ya halatta inshora gaba ɗayanta, amma ra'ayin majalisun ne ya fi rinjaye. A Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a 1979. A Najeriya kuwa, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da wannan ne kaɗai aikinsu, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Inda doka ta tilasta wa matafiyi inshora, kamar wajen neman biza, kuma bai samu ta takaful da za a karɓa ba, malamai sun ba shi uzuri na lalura.

Sai dai akwai kuskuren da ya kamata mu gyara. Wasu na zaton cewa da zarar takarda ta amsa sunan takaful, to za ta biya kowace irin asara. Ba haka ba ne. Takaful asusu ne da mahalarta suka zuba gudummawa domin tallafa wa wanda musiba ta samu a cikinsu, kwatankwacin abin da Ash'ariyawa ke yi na tara ɗan guzurinsu wuri guda su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci, har Manzon Allah (SAW) ya yabe su, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kamfanin wakili ne mai riƙon amanar wannan asusu. Idan ya biya wanda ya makara saboda barci, daga dukiyar sauran mahalarta ya biya. Don haka takaful ma tana da togaciyarta, kuma bambance mai sakaci da marar sakaci ba baƙon abu ba ne a fiƙihunmu: wanda aka ba ajiya ba ya biyan ta idan ta salwanta, sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Rasa abin hawa a hanyar Makka ma ba yau ya fara ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ayyuba Al-Ansari (RA) ya fita aikin Hajji, raƙumansa suka ɓace a hanya, bai iso ba sai ranar layya, tsayuwar Arfa ta wuce shi. Sayyidina Umar (RA) ya umarce shi da ya yi aikin Umara ya fita daga harami, sannan ya rama Hajji a shekara mai zuwa tare da hadaya. Haka ya umarci Habbar ɗan Aswad da mutanensa, waɗanda suka yi kuskuren ƙidayar kwanaki. Darasin da muke ɗauka shi ne, uzuri yana ɗauke zunubi, amma ɗawainiyar komawa da kuɗinta suna nan. Yin tanadi domin wannan ɗawainiya bai saɓa wa tawakkali ba, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda ya zo a ruwayar Tirmizi.

Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umartar muminai su cika alƙawura. Wanda ya sa hannu a kan takarda, sharuɗɗanta sun hau kansa matuƙar ba su halatta haram ba, ko ya karanta ko bai karanta ba. A nan muke ganin wani abin mamaki a halinmu. Muna gudun inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin sanin abin da mutum zai samu a madadin kuɗinsa, sannan mu sayi takaful ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba. Majalisun fiƙihu sun yi maganin rashin tabbas ɗin da ke cikin ginin yarjejeniya. Wanda ke fitowa daga ƙin karatu kuwa, mu muka jawo wa kanmu shi.

Jarrabawa mafi tsanani tana zuwa bayan an rasa jirgin. Za a samu mai ba da shawara cewa a nemo takardar makaniki ta bogi, ko rahoton haɗarin da bai auku ba, ko shaidar asibiti ta ƙarya, tun da ai kamfani ne, kuɗi gare shi. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, haɗe da shaidar zur, kuma a takaful dukiyar 'yan'uwa mahalarta ce ake ci. Babu yadda za a yi mutum ya sayi tikitin zuwa Ɗakin Allah da kuɗin ƙarya sannan ya sa ran karɓuwar ibada. Asarar tikiti ta fi sauƙi.

Nauyin da ke kan kamfanoni da hukumomi

Adalci ne mu faɗi cewa laifin ba na matafiyi kaɗai ba ne. Yawancin waɗannan takardu da Turanci ake rubuta su, da ƙananan haruffa, a shafuka masu yawa, alhali mai sayen yana iya zama dattijuwar da karatunta na allo ne da ajami. Sharuɗɗan ma an ɗauko su ne daga ƙasashen da motar haya ke da jadawali da rasiɗi, aka ɗora wa mutumin da ke shiga mota a tasha sai ta cika take tashi. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Ejan ɗin da ya ce wa maniyyaci komai na ciki, alhali ya san babin rasa jirgi ba ya ciki, ya ɓoye aibi.

Muna kira ga kamfanonin takaful da majalisun malaman da ke sa musu ido da su fitar da taƙaitaccen bayani na shafi guda da Hausa, a boko da ajami, mai nuna abin da ake biya, da abin da aka toge, da shaidar da ake nema, da lambar da za a kira. Su kuma karɓi irin shaidar da ake iya samu a ƙasarmu, kamar takardar shugabannin tasha ko rahoton jami'an kiyaye haɗurra. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda ke ba kamfanonin Hajji da Umara lasisi, tana da ikon wajabta musu yi wa maniyyata wannan bayani kafin karɓar kuɗi. Malaman bita ma ya dace su ware wa batun ɗan lokaci, kamar yadda suke koyar da harami da ɗawafi.

Kafin a bar gida

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar tafiya ya sayi inshorarsa ranar da ya sayi tikiti, ya fifita takaful inda ta samu, ya nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗa, ya ba ɗansa ko wani ɗalibi ya karanta masa babin rasa jirgi da na togaciya. Ya tambayi ejan ƙarara ko zangunansa duka a tikiti ɗaya suke. Wanda zai taso daga wani gari ya kwana a garin da jirgi zai tashi, domin kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai na sabon tikiti ba. Idan kuma ya ga alamar zai makara, ya kira kamfanin jirgi tun kafin lokacin tashi, saboda sauya rana kafin tashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman gyara bayan an rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba. Ya ɗauki hoton motar da ta lalace, ya adana kowane rasiɗi, ya sanar da kamfanin inshora a ranar. Idan an hana shi haƙƙinsa bayan ya cika sharuɗɗa, yana da damar kai ƙara NAICOM, ko NCAA idan laifin na kamfanin jirgi ne.

Bayan duk wannan, idan Allah Ya ƙaddara jirgi ya tashi ya bar bawa, to ya yi haƙuri, ya faɗi gaskiya a takardar neman diyya, ya karɓi abin da yake haƙƙinsa, ya bar abin da ba nasa ba. Niyyarsa tana rubuce a wurin Ubangijin da ya nufa.

Allah Ya kai maniyyatanmu da ɗalibanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya tsarkake dukiyoyinmu daga haram. Allah Shi ne Mafi sani.